Yadda Muka Je Neman Ɓarawon Awaki

Tun da na dawo daga rangadin nan na kudancin Kano ban huta ba. Kowace Lahadi in an tashi daga sujada sai mata su tare ni a bakin ƙofar coci: "Malama Rifkatu, ya hanya? Ya mutanen can? Me kuka gano?" Wasu har gida suke bi na, su shanye mini kunu, su tafi da rabin labari su ƙara masa gishiri. Har na ji ana cewa wai biri ya ƙwace wa Dattijo Ishaya hula a dajin Falgore. Ƙarya ce, hularsa tana nan a kansa. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa, bakina ya huta.

Ga wanda bai san mu ba, ƙungiyarmu ƙarama ce. Coci-cocinmu na Hausa ne suka haɗu suka kafa ta saboda gwauraye, wato matan da mazansu suka rasu suka bar su da 'ya'ya. Tsarin ba shi da wuya. A ba mace akuya, in ta haihu ta yaye 'yar akuya mace ɗaya ta mayar wa reshe, reshe ya miƙa wa wata gwauruwar, sauran duk nata ne. Da fari abin ya yi albarka. Amma 'yan shekarun nan sai awaki suka riƙa raguwa maimakon ƙaruwa. Mu a hedikwata, wato wani ɗaki a bayan coci a Kano mai fankar da ta daina juyawa, mun sha tura 'yan rangadi su binciko mana. Kowa ya je sai ya dawo da kumatu, yana yabon mutanen rassa, amma bai ga ɓarawo ba bai ga awaki ba.

Ni ce sakatariya tun da na yi ritaya daga koyarwa, don haka ni aka tura wata bita a Jos. Mai koyar da mu, wata 'yar siririyar mata mai tabarau, ta ce kowa ya tashi ya faɗi abin da aka kafa ƙungiyarsa dominsa, a numfashi ɗaya. Na tashi na faɗi namu ba gargada, ina jiran tafi. Sai ta ce, "Ke kin sani. Rassanku sun sani?" Ta ce in reshe bai san manufa ba zai ƙirƙiro tasa, kuma aikin da ba a ɗora wa mutum takamaimai ba, ba a ɗora wa kowa ba. Na ji haushinta a lokacin, amma tambayar ta bi ni har gida.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. A wani ƙauye bayan Doguwa, ta wajen Riruwai, akwai Hannatu. Mijinta Yakubu ɗalibina ne tun yana ɗan firamare mai yoyon majina, ramin haƙar kuza ya rufta da shi ya bar ta da yara uku. Ranar da na je gaisuwa na kama hannunta na ce mata akuyar da za ta fito nan gaba a reshensu tata ce. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shiru. Sai bana aka aiko mana cewa an samu 'yar budurwar akuya ja a reshen. Na ce to wannan karon da ƙafata zan je, da idona zan ga igiyarta a hannun Hannatu, a hanya kuma in yi wa kowane reshe tambayar mai tabarau.

Mu uku muka tafi. Akwai Dattijo Ishaya, shugabanmu, mutumin kirki mai tsoron Allah, wanda ba ya rabuwa da tsinken sakace a naɗin hularsa, kuma in ya fara addu'ar cin abinci sai miya ta huce. Akwai Garba direba, maƙwabcina Musulmi, wanda ya yarda ya kai mu a tsohuwar motarsa. Ƙofar bayanta da igiya ake ɗaure ta, in za ki fita sai an kwance ki kamar tunkiya. Na yi masa ƙorafi, ya ce, "Malama, wannan ai tsaro ne, ba a taɓa sace mini fasinja ba."

Zangon farko wani ƙauye ne a ƙasar Bebeji, kusa da Tiga. Tun daga nesa muka jiyo ganga da caki. Matan zumunta sun yi layi cikin anko sabo fil, suna waƙa da sunan Dattijo a ciki. Shi kuwa ya sauke gilashi yana ɗaga hannu kamar ɗan takara. A Kano in kin yi baƙo ki miƙa masa ruwan leda ki tambayi lafiyar gida, shi ke nan. A nan kuwa sai an durƙusa, an gaishe ki da hanya, da gajiya, da mutan gida, da ruwan sama, sannan wata ta karɓa ta faro daga farko. Gwiwata da ta daɗe da yin ritaya ta sha aiki ranar.

Shugabar reshen, Mama Laraba, ta gabatar mana da masu muƙami. Akwai uban ƙungiya, uwar ƙungiya, mataimakiya ta ɗaya da ta biyu, mai tsawatarwa, mai kula da anko, da kwamitin tarbar baƙi wanda shi kaɗai ya cika benci. Na ce, "Mama, wace ce mai kula da awaki?" Ta dubi na dama da ita, na dama ta dubi na hagu. "Ai dukanmu ne, Malama," in ji ta. Na yi mata tambayar Jos, me aka kafa mu mu yi. Ta ce, "Zumunci!" Mata suka ɗauki guɗa. Kafin in sake buɗe baki an dire tuwon shinkafa da miyar taushe, ga farfesun kayan ciki, ga soyayyen nama tsibi guda a faranti. Ni mai son gaskiya ce, na ci, kuma na ƙara. Da za mu tafi suka cusa mana bandar kifin Tiga a bayan mota, wanda warinsa ya raka mu har ƙarshen tafiyar.

Daga nan muka fito Kwanar Dangora muka nufi ƙasar Kiru, ta wajen Ba'awa. An yi ruwa kafin mu iso, hanya ta zama kunu. Motar Garba ta shiga wani taɓo ta zauna daram. Dattijo ya ce mu yi addu'a, Garba ya ce a yi, amma a yi ta ana turawa. Wasu Fulani masu kora shanu suka taimaka mana, ni ma na fito na sa kafaɗa. Da motar ta zabura sai ta watsa wa Dattijo taɓo tun daga hula har takalmi, ya shiga garin mutane kamar an tono shi.

A can Mai Bishara Luka ne ke riƙe da reshe. Abin da ya fara nuna mana wani ƙaton allo ne da suka kafa a bakin hanya, an zana akuya a jiki, mai ƙiba, tana murmushi. Na ce, "Ma sha Allah, ina 'yan uwanta masu rai?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Sai godiya, Malama, abin sai a hankali." Na yi masa tambayar Jos. Ya yi tunani ya ce, "Ci gaba." Na ce ci gaban wa? Ya ce in bari mu ci abinci tukuna, baƙo ba ya magana da yunwa. Aka kawo dambu da nama, naman ya dahu luguf har ƙashi yana tsotsuwa. Wata tsohuwa ta zauna can gefe tana kallon bakinmu, duk lomar da Dattijo ya kai sai idonta ya raka ta. Na ɗauka yunwa ce, na miƙa mata tsoka. Ta girgiza kai ta ce, "A'a 'yata, ku ci, ai don ku aka yi."

Masaukina ɗakin ajiyar hatsi ne, an share an shimfiɗa mini katifa tsakanin buhunan dawa. Ba ni kaɗai ba ce a ciki, ɓeraye sun riga ni kama wuri, kuma da safe na tarar wata kaza ta yi ƙwai a cikin takalmina. Matar Luka ta ce alamar arziki ce. Aka ɗumama mana sauran naman muka karya da shi, muka kama hanyar Tudun Wada ina ta lissafi a raina. Na zargi ɓarayin dare, na zargi ciwon dabbobi, har Luka na zarga, Allah ya yafe mini.

Fasto Markus na Tudun Wada matashi ne, bai daɗe da zuwa ba, kuma yana da lasifika. Duk abin da zai faɗa, ko da kina gabansa, sai ya faɗa ta ciki. Shi ya ce a ci abinci kafin jawabi, don haka muna cikin gwagwiyar ƙashi ya miƙe ya hura lasifikarsa.

"Iyayenmu na hedikwata, barkanku da zuwa! Mun ji Bebeji sun kayar muku da ɗaya, Kiru ma ɗaya. To mu nan ba a yi mana fintinkau. Biyu muka kayar! Su ne na ƙarshe a garken ƙungiya, amma ba mu ji ciwo ba, domin an ce kada mu manta da karɓar baƙi!"

Jama'a suka yi tafi. Ni kuwa tsokar da ke bakina ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na ce, "Fasto, wane garke?"

"Na ƙungiya mana, Mama," ya amsa ta lasifika. "'Yan awakin da gwauraye ke mayarwa. Duk sanda baƙi suka zo daga hedikwata a ciki ake kamawa, haka na tarar ana yi."

"Amma ai na gwaurayen da ke jira ne!"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, har ya sauke lasifikar. "Mama, ai ku ne ƙungiya. Kayanku ne muka yanka muku."

Na juya na dubi Dattijo. Ƙashin haƙarƙari na hannunsa, maiƙo na gemunsa, bakinsa a buɗe. Wato awaki suna raguwa, mu tura 'yan rangadi, a yanka musu awaki, awaki su ƙara raguwa, mu ƙara turo wasu. Babu wanda ya ɓoye mana kome. Mai gida ba ya gaya wa baƙo inda nama ya fito, baƙo mai mutunci kuma ba ya tambaya. Garba ya suɗe yatsunsa tas, ya ce, "Dattijo, ashe kura aka ba ajiyar nama." Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na tuno tsohuwar nan ta Kiru da idonta.

Fasto Markus, da yake yana so ya gyara, sai ya ƙara ɓatawa. "Ku kwantar da hankalinku, ba mu kaɗai ba ne. Na ji Doguwa ma sun tanadar muku wata 'yar budurwar akuya ja, tun makon jiya ake ba ta dusa."

Ban san sanda na miƙe ba. Na kira wayar Dattijo Bitrus, shugaban reshen can, a kashe. Fasto ya ce ƙauyen ba sabis sai an hau dutse. Na ce, "Garba, tashi!" Ko hannu ban wanke ba, aka ɗaure ni a bayan mota muka ɗauki hanya.

Wanda bai taɓa ratsa dajin Falgore a motar Garba yana sauri ba bai san tsawonsa ba. Itatuwa ne dama da hagu, birai na zaune a bakin kwalta suna kallonmu kamar sun san abin da muka ci. Garba ya taka iya takawa, motar tana kuka tana rawa, amma wata babbar mota mai lodin masara ta wuce mu ba tare da ta wahala ba. A tsakiyar daji inji ya yi zafi ya fara hayaƙi, muka juye masa duk ruwan shanmu har da na wanke hannun Dattijo. A wani shinge jami'in tsaro ya leƙo, warin kifi ya mayar da shi baya, ya ce, "Baba, ina zuwa da gaggawa haka? Marar lafiya kuka ɗauko?" Na ce, "Ɗana, akuya za mu ceto." Ya dube ni, ya dubi igiyar ƙofa, ya ɗaga mana hannu ba tare da ya ƙara tambaya ba.  Sau ɗaya na ga Dattijo ya ciro tsinken sakacensa, ya dube shi, ya mayar.

Bayan Doguwa ƙasa ta canza, ga duwatsu, ga sanyi-sanyi, ga masara ta fi mutum tsawo. Ban tsaya sha'awa ba. Muna shan kwanar ƙauyen na hango taro a gindin mangwaro, hayaƙi na tashi, da wani abu ja a ɗaure. Abin da ya taimake mu wata al'ada ce tasu mai kyau: masu bi na can ba sa yanka da kansu in za a yi taro, sai su kira maƙwabcinsu Malam Idi ya yanka, don kowa a garin ya iya ci. Malam Idi kuwa ya makara a gona. Mun same shi a tsugune yana wasa wuƙa a kan dutse, samari sun riga sun kama ƙafafun akuyar.

Ban jira a kwance ni ba, ta taga na zuro kai ina ihu, "Malam, dakata! Kada ka yanka!" Ɗankwalina ya faɗi, masu waƙar tarba suka tsaya a tsakiyar baiti. Malam Idi ya ɗaga wuƙa sama ya ce, "Subhanallahi, ta sata ce?"

Dattijo Bitrus ya taho, dogon tsoho mai sanda, fuskarsa a murtuke. Da na yi masa bayani sai ransa ya ƙara ɓaci. "Malama, so kike a ce kun ci nama a Bebeji, kun ci a Kiru, kun ci a Tudun Wada, kun zo Doguwa an ba ku lami? Da wane ido zan dubi sauran rassa? Mu ne marowata ke nan?" Mutanensa suka goya masa baya da gunaguni. Kuma ban ga laifinsa ba, mutuncin garinsa yake karewa da abin da ya sani.

Na ce a kira mini Hannatu. Aka ce ai ga ta can a wajen murhu. Na same ta a durƙushe tana jajjagen attaruhu da albasa, goye da ƙaramin ɗanta. Ta rame. Ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi mutan Kano.

Na ce, "Hannatu, kin san akuyar wa za a yanka?"

"Na sani, Mama. Ni na yi ta yi mata ciyawa."

"Shi ne kike jajjagen miyarta?"

Ta sunkuyar da kai tana juya taɓarya. "An ce in jira zagaye na gaba. Wancan karon ma da baƙi suka zo haka aka ce. Ba kome, Mama, ai ba a barin manya da yunwa."

 Ashe Dattijo Ishaya yana bayana, ya ji kome. Ya juya ya nufi gindin mangwaro, ya sa samarin suka saki akuyar, ya durƙusa da rigarsa mai busasshen taɓo ya kwance igiyar da hannunsa. Akuyar ta fizge shi har ya kusa kifawa, yara suka yi dariya, bai kula ba. Ya jawo ta har gaban Dattijo Bitrus.

"Ɗan'uwana," in ji shi, "ba kai ka yi laifi ba. Mu ne muka ci, muka yi ta ci, ba mu taɓa tambaya ba. In ana maganar kunya, tawa ta fi taka. Ba don mu aka kafa ƙungiyar nan ba, don wannan yarinyar aka kafa ta. Yau ka ba ni lami, in na koma ni da bakina zan gaya wa sauran rassa cewa a Doguwa aka fi karrama ni."

Wannan ne jawabi mafi gajarta da na taɓa ji daga bakinsa. Dattijo Bitrus ya karɓi igiyar ya miƙa wa Hannatu da kansa. Malam Idi ya mayar da wuƙarsa kube yana cewa shi dai a ba shi tuwonsa.

A gindin mangwaron nan muka zauna muka yi abin da ya kamata mu yi tun shekarun baya. An yi musu sosai, har wata ta ce in an rushe kwamitin tarbar baƙi ita me za ta zama. Aka dai tsaya a kan cewa kowane reshe zai zaɓi mace ɗaya cikin gwaurayen kansu ta riƙe awaki, ba mai taɓa ko jela sai da saninta, kuma baƙon hedikwata zai ci abin da gidan ya ci. Aka kawo tuwon masara da miyar kuka. Garba ya tuna da kifin Tiga ya ɗauko aka watsa a miya, ya ce ko ba kome motarsa ta huta.

Ana cikin zuba abinci na ga Hannatu tsaye can nesa, ta naɗe igiyar a wuyan hannunta har sau ba adadi. Na je na ce ta zo ta ci tuwo. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Mama, tawa ce har abada? Ko in wasu baƙin sun zo za a aiko a karɓa?"

Na ce, "Taki ce. Ba mai aikowa."

Ta gyaɗa kai, amma ba ta zauna ba. Ta gyara goyonta, ta ja akuyarta ta bi hanyar gida ta cikin masara, tana tafe tana waiwayenmu har ta ɓace.